Yadda ake shawo kan 'yan kasuwa su ba ɗalibai kaya kyauta don taron tara kuɗin taimako

Duk shekara sai na ga abu ɗaya ya maimaita kansa. Ɗalibai sun kafa kwamiti, sun tsayar da rana, sun ce za su tara kuɗi don marayu ko don marasa lafiya, sai saura kwana 10 wani ya tuna ashe babu kayan da za a yi gwanjonsu, babu kyautar da za a miƙa wa wanda ya ci gasa. Nan take a buga wasiƙa guda, a yi mata kwafi 50, a watsu cikin shaguna kamar masu rabon katin gayyata. Bayan mako guda a dawo da tulin "ku dawo gobe" da kwalin biro ɗaya. Na yi wannan da kaina, na kuma zauna ina kallon waɗanda suka biyo bayanmu suna yi. Ba zan tsaya kan zaɓar ƙungiyar da za a taimaka wa ko neman izinin makaranta ba, wanda bai gama da waɗannan ba lokacin fitarsa bai yi ba.

Kafin kowa ya taɓa wasiƙa, ku zauna ku rubuta abin da taron yake buƙata, ku raba shi gida biyu. Akwai kayan da za su rage muku kashe kuɗi, kamar buga fosta, aron kujeru da lasifika, da ruwan sha. Akwai kuma kayan da za su jawo kuɗi, wato na gwanjo da na kyautar gasa. Sabbin shiga kan manta da na farkon, alhali duk abin da ba ku biya ba ya tafi kai tsaye asusun taimakon. Gaban kowane abu ku rubuta sunan wanda za a je wa, kuma ku fara da waɗanda kuke da hanya da su: iyayen 'yan kwamiti, tsofaffin ɗaliban makarantar, masu kawo wa makarantar kaya, da shagunan da cinikinsu ya dogara da ɗalibai. Mutumin da yake ganin fuskokinku kullum a gaban kantarsa ya fi jin nauyin ce muku a'a.

Lokaci kuwa, ni dai mako 8 kafin taro nake cewa, ba na ragewa. Ƙaramin shago mai shi yana iya yanke hukunci a tsaye, amma babban kamfani mai rassa da yawa sau da dama manajan reshe ba shi da ikon ba da ko allura. Zai tura ku ga wani fom a shafinsu na intanet, fom ɗin ya tafi hedikwata, a can kuma akwai kason kyauta da aka ware na shekara wanda in ya ƙare ya ƙare. Ƙarshen shekara ya fi cunkoso, musamman a ƙasashen da ake yin Giving Tuesday, ranar bayar da taimako da aka fara a Amurka a 2012, domin a lokacin kowace ƙungiya tana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya. Ku cike fom ɗin manyan kamfanoni tun ranar farko, ku manta da su, ku mayar da ƙarfinku kan ƙanana.

Yanzu ga inda abin ya fi ɓaci, kuma a nan na sha kunya. Akwai wani shagon kayan lantarki da muka je sau uku. Duk zuwa sai mu miƙa wasiƙa ga yaron da ke tsaron kanta, ya ce zai ba mai gida. A zuwa na uku na hango wasiƙarmu ta farko a gefen na'urar lissafi, an juya bayanta an cika shi da lissafin ciniki. Yaron bai yi laifi ba, aikinsa sayarwa ne. Tambayar da ya kamata mu yi tun farko ita ce, "Don Allah wa ke yanke shawara kan irin wannan, kuma yaushe ake samunsa?" Ku karɓi suna, ku karɓi lokaci, ku koma. Zuwa da kai ya fi aike, amma sai in wurin mai abin aka je.

Da muka samu mai shagon, ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "To, me kuke so?" Sai muka tsaya kallon juna. Daga ƙarshe na ce, "Yallaɓai, duk abin da ya sauƙaƙa." Ya yi murmushi, ya ce zai duba, mu bar lamba. Har yau yana dubawa. Shekarar da ta biyo baya wata ɗaliba ta shiga shagon nan, ta gaishe shi, ta faɗi sunan makaranta da ranar taro, ta nuna da yatsa ta ce, "Ranka ya daɗe, fitilar karatu biyu muke roƙo, irin waccan ta layi na uku, za mu yi gwanjonsu." Ya sa aka sauko da uku.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Mu muna ganin "duk abin da ya sauƙaƙa" ladabi ne, amma ga ɗan kasuwa aiki muka ɗora masa. Sai ya zauna ya yi tunanin me zai bayar, nawa zai bayar da ba za a ce ya yi rowa ba, nawa ne kuma ba zai ji a jikinsa ba, alhali ga masu saye suna jira. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ce ku dawo. In kuka ambaci abu da sunansa da adadinsa, kun rage masa aikin zuwa eh ko a'a, ko kuma "biyu ba za su samu ba, ga ɗaya". Wannan amsar ta uku ita aka fi samu, don haka ku shiga da babban roƙo ɗaya da ƙarami ɗaya a ajiye.

Ku kuma san abin da ke da sauƙin bayarwa. Mai shago yana lissafin kaya da kuɗin sari, ku kuma za ku sayar a gwanjo kusa da farashin kanti, shi ya sa kaya ya fi kuɗi sauƙin fita daga hannunsa. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne aiki ko gurbin da dama ba kowa a ciki: aski, wankin mota, ɗaukar hoto na awa ɗaya, wata guda a gidan motsa jiki, kujera a ajin koyon kwamfuta. Kujerar da ba kowa a kanta ba ta ci masa komai ba. Takardar sayayya kyauta ma suna son ta, domin wanda ya ci ta dole ya taka zuwa shagon, kuma da wuya ya fita bai ƙara da nasa kuɗin ba. Kayan da yayinsu ya wuce amma lafiyarsu ƙalau, ku tambaye su kai tsaye, mai shago neman wurin ajiya yake. Sai dai kada ku zama juji. Abin da ya karye, ko wanda wa'adinsa ya kusa cika, ku yi godiya ku bar shi, don ku za ku ji kunya a gaban jama'a.

Za a tambaye ku me shagon zai samu. Kada ku ce "za mu tallata ku sosai", wannan ba magana ba ce. Ku ce sunansa zai fito a fosta, mai gabatarwa zai ambace shi lokacin da aka ɗaga kayan, za a sa hoto a shafin ƙungiya na Facebook ko Instagram. Yawan mahalarta ku faɗi gaskiya, in 150 kuke sa rai kada ku ce 1,000, mutumin nan zai iya leƙowa. Ku fara tabbatar da makaranta ta yarda a sa tambarin kamfani a kayan taro kafin ku yi alkawarinsa. Batun rangwamen haraji kuma kada ku sa baki sai kun tabbatar, domin ya danganta da dokar ƙasa da rajistar ƙungiya. A Amurka misali kamfani zai tambaya ko kuna ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji, wato na ƙungiyoyin agaji da aka yafe wa haraji, kuma kwamitin ɗalibai shi kaɗai galibi ba ya ciki, sai dai ya fake da makarantar ko ƙungiyar da ake tara wa kuɗin. Wasiƙar amincewa daga wannan ƙungiyar, mai ɗauke da lambar rajistarta, ta fi duk wani daɗin baki aiki.

Wasiƙarku shafi ɗaya ce, a kan takarda mai tambarin makaranta, da sunan wanda ake rubuta wa, da rana, da abin da ake roƙo, da lambar mutum ɗaya da za a kira. Bayan an yi magana ake barin ta. Mutum biyu su je, da katin shaidar ɗalibi, kada ku shiga ku shida ku cika wa mutum shago. Ku guji lokacin cunkoso. In an ce a'a, ku tambaya ko za a iya ragi, ko akwai wani wata da ya fi dacewa, ku fita da fara'a.

Wani abu a gefe: ni gwanjo nake zaɓa a kan sayar da tikitin ƙuri'a. Mutane da yawa caca suke ɗaukarsa, wasu shagunan ba sa son sunansu a ciki, kuma doka tana da bakin magana. A Birtaniya dokar caca ta 2005 ta ƙyale shi ba lasisi in a wurin taron kuma lokacin taron kawai aka sayar da tikitin, amma sayarwa tun kwanaki kafin taro ya shiga wani babi mai neman rajista.

Da zarar an ce eh, ku tura saƙon tabbatarwa a ranar, ku je ku ɗauko kayan cikin kwana 2. Alkawari kaya ne, amma ba a gwanjonsa, kuma manaja yana iya tafiya hutu. Mutum ɗaya ya riƙe littafi: wa ya bayar, me ya bayar, yana hannun wa. Takardun sayayya a duba ranar ƙarewarsu da sharuɗɗansu. 'Yan kwamiti kada su taɓa komai, ko biro ne.

Bayan taro, cikin mako guda, kowane shago ya samu godiya da hoton kayansa a hannun wanda ya saya da jimillar abin da aka tara. Yaba kyauta tukwici, kuma takardar godiya mai tambari da yawansu a bango suke liƙa ta. Littafin nan kuwa, da sunayen masu yanke shawara da lokacin da ake samunsu da waɗanda suka ce a dawo baɗi, ku miƙa shi ga sabon kwamiti kafin jarrabawa ta ɗauke hankalin kowa.