Yadda Ake Amfani da Kalmar "Unnaturally" a Turanci

Ɗaliban Hausawa da ke karatu a Madina da Jidda, musamman masu karatun likitanci da jinya waɗanda darussansu ke gudana da Turanci, sukan ci karo da wannan kalma, kuma ya kamata su san muhallinta sosai. Asalinta "natural" ne, wato abin da yake bisa ɗabi'a. "Un" da ke farkonta yana kore ma'anar, "ly" kuwa yana mayar da ita bayanau. Ma'anarta ita ce aukuwar abu ta hanyar da ta saɓa wa ɗabi'a ko al'ada.

Idan kana so ka siffanta yanayi, sanya ta kafin sifa. Wanda ya ga titunan Makka babu kowa bayan tafiyar alhazai yana iya cewa garin ya yi "unnaturally quiet", wato shirun ya wuce yadda aka saba har yana tayar da hankali. Idan kuwa aiki kake bayyanawa, sanya ta bayan aikatau: "he smiled unnaturally" yana nufin murmushin na dole ne, bai fito daga zuci ba.

Kada ka rikita ta da "artificially", wadda aka fi amfani da ita ga abin da ɗan Adam ya sarrafa, kamar zaƙin da aka ƙara wa lemo. A rahoton asibiti kuma, inda ake maganar awo kamar hawan jini, "abnormally" ce ta fi dacewa. Ka kula da "not unnaturally", domin ma'anarta ta juye: abin ya faru kamar yadda kowa zai yi tsammani.