Yadda ake kakkaɓe ma'aikatan bogi ba tare da sun dawo ba

Kafin a kira ma'aikaci ko ɗaya, a fara da takardu. A karɓo jerin sunayen ma'aikata daga ofishin Shugaban Ma'aikata, a karɓo jadawalin albashi na wata uku a jere daga ofishin Akanta Janar, a gwada su suna bayan suna. Wanda ke cin albashi amma babu shi a jerin, a ware shi. Ƙananan hukumomi da malaman firamare na SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, a yi musu nasu daban, don a can aka fi cusa sunaye.

Sai BVN, lambar tantance mai asusun banki. Lamba ɗaya da ke karɓar albashi biyu ko uku ta riga ta tona kanta.

Ranar tantancewa kowa ya zo da ƙafarsa, riƙe da takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, takardun makaranta na asali da lambar NIN, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A tsaya sosai a kan ranar haihuwa. Ƙa'idar ritaya ga yawancin ma'aikata shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, shi ya sa ake rage shekaru. Takardar firamare ce ke kama mai wannan hali: za ka ga fayil na nuna ya gama aji shida yana ɗan shekara biyar.

Inda aikin ke lalacewa shi ne dakatar da albashi da gaggawa. Mai hutun karatu, mara lafiya da ke kwance, matar da sunan mijinta ke banki amma na mahaifinta ke fayil, duk kwamfuta za ta jefa su cikin na bogi. A ba su kwana 30 da kwamitin sauraron koke, da wakilin ƙungiyar ƙwadago a ciki.

Kada kuma a haɗa tantancewa da rage ma'aikata, ko da baitulmali na kuka. A Kaduna, gwamnatin Nasir El-Rufai ta rage ma'aikatu daga 19 zuwa 13 a 2015, ta tattara kuɗin gwamnati a asusun bai ɗaya, a 2017 ta sallami malaman firamare sama da 21,000 da suka faɗi jarrabawa. Sallamar ma'aikata a 2021 ta jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a watan Mayu, har wuta da jirgin ƙasa suka tsaya. Da ma'aikata sun ji ƙanshin kora, ba su ƙara ba da haɗin kai.

Na bogi kuwa ta sashen albashi suke shigowa, ta nan suke komowa. A raba mai shigar da suna da mai amincewa da shi, kowane canji ya bar sunan wanda ya yi shi da kwanan wata, rahoton mutuwa da ritaya ya iso kowane wata. Bayan wata shida a duba jimillar albashi. In ta koma yadda take ba tare da an ɗauki sababbi ko an yi ƙarin girma ba, a fara bincike daga masu riƙe da kalmar sirrin kwamfutar albashi.