Darasi na Bakwai: Wayar Jona Wuta

Yawancin ɗakunanmu a Sakkwato soket ɗaya gare su, shi ma a bayan gado. Shi ya sa kusan kowane gida yake da wayar jona wuta, wadda a kasuwa ake kira ekstenshan. Da ita ake kai wuta ga fanka, da talabijin, da cajar waya, wani lokaci har tsakar gida idan zafin Afrilu ya kori mutane daga ɗaki.

Mai saye yakan ƙirga ramukan da ke jikinta, ya ga shida, ya ce ya yi sa'a. Ramuka ba su ne ƙarfinta ba. Ƙarfinta yana cikin kaurin jan ƙarfen da ke cikin robar. Ku duba jikin wayar, za ku ga an buga lamba: 0.75, ko 1.0, ko 1.5, ko 2.5. Idan lambar ta yi girma, jan ƙarfen ya fi kauri, ya fi ɗaukar kaya. Mai 0.75 ta fitila ce da caji. Wanda zai yi guga ko dafa ruwa, kada ya sauka ƙasa da 1.5. Akwai kuma ta bogi, roba mai kauri, ciki zare ƙalilan, ko alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe. Ku ɗaga ta a hannu. Ta kirki tana da nauyi. Ku nemi tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, kuma idan kuɗin ya yi araha fiye da kima, ku ajiye ta ku wuce.

Yanzu ga lissafi, kuma shi ne zuciyar darasin nan. Wutar da Kaduna Electric ke ba mu wajen bolt 230 ce (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta). Filogi mai ƙafa uku yana da fiyus a ciki, wanda ke katse wuta idan ta yi yawa, mafi girmansa amf 13 (amf shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Idan aka ninka 230 sau 13, ana samun 2,990, wato kusan wat 3,000 (wat shi ne ma'aunin wutar da kaya ke ci). Nan ne iyakar wayar jona mai kyau, komai yawan ramukanta. Kowane kayan wuta yana da nasa wat a rubuce, a baya ko a gindi. Fanka ba ta cika kai 100 ba. Cajar waya ƙasa take da haka nesa. Amma dutsen guga yakan wuce 1,000, butar lantarki kuwa ta kan kai 2,000. Duk abin da aikinsa zafi ne, mai cin wuta ne, kuma gara a kai shi soket ɗin bango kai tsaye.

Waya mai ɗaukar kaya tana ɗumi, kuma tana bukatar iska. Kada a bi da ita ƙarƙashin tabarma, ko kafet, ko katifa. Idan doguwa ce, a warware ta duka kafin a kunna, domin a naɗe zafinta taruwa yake yi. Garin da rana ke wuce digiri 40, roba ba ta bukatar ƙarin zafi. Kada a jona wata a jikin wata. Da damina a ɗauke ta daga ƙasa.

Sai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: filogi ya fashe, sai a cusa tsirarar waya a rami, a tokare da tsinken ashana. Wannan ba dabara ba ce, ganganci ne, musamman a gidan da yaro ke rarrafe. Filogi sabo bai kai kuɗin magani ba. A kai wa mai gyaran wuta ya ɗaura. Zai sa zaren waya mai launin ruwan ƙasa a ƙafar fiyus, shuɗi a ɗaya ƙafar, mai kore da rawaya a doguwar ƙafar sama.

Idan kun ji ƙauri, ko kun ga bakin rami ya yi baƙi, ku kashe daga bango, ku daina aiki da ita. Idan ta kama da wuta, kada a watsa ruwa. A kashe babban makunni, a zuba yashi. Wanda wuta ta riƙe ba a taɓa shi da hannu, sai da busasshen itace.

Aikin gida

1. Dutsen guga wat 1,200 ne, buta 2,000. Ku tara. Waya ɗaya za ta ɗauke su tare?
2. Ku duba wayar jona ta gidanku, ku rubuto lambar da ke jikinta.