Idan an ɗora yaronki a kan Sabril, ga yadda za ki kula da idonsa

Autana yana da wata shida ya fara wata irin zabura. Da ya tashi daga barci sai ya dunƙule, kai ya faɗo gaba, hannuwa su watse, ya yi haka sau goma ko fi a jere. Surukata ta ce ciwon ciki ne, maƙwabtanmu a Pantami suka ce iska ce. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe aka ce mana wani nau'in farfaɗiya ne na jarirai, aka rubuta vigabatrin, wanda aka fi sani da Sabril. Cikin kwanaki zaburar ta lafa. Sai dai likita ya gaya mana gaskiya tun ranar farko: maganin yana iya cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Ki fara gane inda yake ci. Ba tsakiyar gani yake fara taɓawa ba, gefe ne, abin da muke hangowa da wutsiyar ido. A hankali filin gani yake tsukewa, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta bakin tulu. Babu zafi, babu ja, babu hawaye. Babba ma yakan daɗe bai lura ba, balle jaririn da ba shi da baki. An fara ba da rahoton matsalar a 1997, kuma a cikin manya masu shan sa kusan mutum 1 cikin 3 na samun ta. Shi ya sa da Amurka ta amince da shi a 2009 ta haɗa da gargaɗi mai tsanani.

To me za ki yi? Ki kai shi likitan ido kafin a fara, ko aƙalla cikin mako 4 na farko. Daga nan duk wata 3, sannan sau ɗaya wata 3 zuwa 6 bayan an daina. Ni a bangon littafin awo nake rubuta ranakun, don kaina ba ya riƙe lissafi. Babba ana sa shi ya ɗora haɓa a na'ura, ya danna maɓalli duk lokacin da ɗigon haske ya ƙyalla. Jariri ba zai iya ba, sai dai likita ya leƙa cikin idon.

A gida kuma ki sa ido. Ina kwantar da shi a cinya, yayarsa ta tsaya gabansa tana masa wasa, ni kuma in zago da jan murfin kwano daga bayan kunnensa ba tare da ƙara ba, in ga a ina zai waiwayo. Dama, sannan hagu. Idan yaro ya fara firgita don mutum ya ɓullo ta gefensa, ko mai rarrafe yana yawan karo da ƙafar gado, kada ki jira ranar awo. Amma fa wannan wasan nawa ba ya maye gurbin asibiti, domin kafin uwa ta gani da idonta, ɓarnar ta yi nisa.

Haɗa maganin ma da ƙa'ida. Garin yana zuwa a ƙunshi mai miligiram 500. Ki narka shi a ruwan da aka ce, ki ja da sirinji daidai layin da likita ya nuna, ki zubar da saura. Ban da cokali, ban da kintace.

Sai babban kuskure, wanda ni kaina na kusa yi. Daren da na fahimci zancen ido sosai, na ɗauki kwalin zan jefa a shara. Baban yara ya riƙe hannuna ya ce, "Maman Auta, ki bari gari ya waye mu tambaya." Ashe yanke shi farat ɗaya na iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa. Likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan. Kuma ita zaburar, in aka bar ta, ƙwaƙwalwar yaro take dakushewa. Abin da ya kamata ki tambaya shi ne: yaushe za mu san yana aiki? Ga jarirai, in mako 2 zuwa 4 suka wuce babu sauƙi, akan janye shi, don kada a sa ido a haɗari a banza.

Kada ki karɓi ragowar na wata, kada mai kemis ya ƙara miki ko ya rage. Yawan barci da ƙiba suna cikin halin maganin, ki faɗa wa likita in sun yi yawa. Namu awon ido na uku ranar Talata ne, na riga na yi magana da mai Keke ya zo da sassafe.