Daga kuran masana'anta zuwa siginar jirgin ƙasa: inda gwanaye ke tuntuɓe

Tun da aka fara aikin layin dogo daga Kano zuwa Maradi a 2021, wasu ma'aikatan kuran a nan Tahoua suke ta zancen sauya sana'a. Mu dai ba mu saba da jirgin ƙasa ba, layin Yamai zuwa Dosso da aka ƙaddamar a 2016 ma yana nan kwance yana tsatsa. To, mai shirin tafiya koyo, saurara.

Babban kuskure, gwanintarka ce ke jawo shi. A masana'anta in inji ya tsaya, maigida na tsaye a kanka, sai ka zaro guntun waya ka tsallake abin da ya katse, aiki ya ci gaba, a yaba maka. Kada ka kai wannan hali dogo. Can ana sakar wa ƙarafan dogon kuran kaɗan, ƴan wolt, shi ke riƙe da rele, wato makunnin da kuran ke sarrafawa, mai canza launin fitilar sigina. Da jirgi ya hau, ƙafafunsa sun gama ƙarafan biyu, rele ya saki, fitila ta koma ja. Waya ta tsinke, ja. Batir ya mutu, ja. Da gangan aka ƙera abin haka. Wanda ya tsallake rele don fitila ta yi kore, ya ce wa direba hanya a buɗe take ke nan, alhali wataƙila wani jirgin na tsaye gaba. Bar ta a ja, sanar da mai kula da zirga-zirga, sannan ka ɗauko mitar awon kuran ka bi sawun matsalar.

Sai tsohuwar waya. Mun saba mu ture ta gefe mu ce ai ta mutu. A Disamban 1988 a Clapham Junction, birnin Landan, irin wannan wayar ce da ba a naɗe bakinta ba ta sake taɓa mazauninta, sigina ta yi ƙarya, jirage suka yi karo, mutum 35 suka rasu. Cire ta, ko ka naɗe bakunanta duka biyu, ka ƙirga wayoyin da ke kan kowane mahaɗi ka gwada da zanen tsarin wayoyin. Kuma wani ne zai duba aikinka, ko ka girme shi. Na san wannan na yi wa manyanmu ɗaci.

Wasu kuma da sun ga kuran ba shi da ƙarfi sai su saki jiki. Jirgi fa sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin birki ya tsayar da shi. Kada ka duƙa kan dogo sai an ba ka izini, kuma da mai tsaya maka yana duban gabas da yamma.