Yadda Ake Zaɓen Na'urar GPS Don Tuƙin Daji Da Tafiyar Ƙafa

Na'urar GPS da ake liƙawa a gilashin mota a cikin gari an ƙera ta ne domin titi mai suna da lamba, aikinta kuwa shi ne ta ce a yi dama ko a yi hagu. Da zarar kwalta ta ƙare, burji ma ya ƙare, aka shiga inda sawun tayoyi ya rabu gida biyar a cikin rairayi, to wannan muryar ba ta da sauran amfani, domin ko dai ta yi shiru, ko kuma ta dage sai ta mayar da direba kan titin da ya baro tun da hantsi. Saboda haka mai neman na'urar shiga daji ya fara da tambaya guda: idan na ɓata, wannan na'ura za ta iya mayar da ni ta inda na biyo?

Abin da ke amsa wannan tambaya shi ne ajiye sawu. Na'ura ta gari tana ɗiga alama a kan taswira duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, har alamomin su zama zare guda daga inda aka tashi zuwa inda ake, kuma idan aka buƙata sai ta juya zaren ta bi da mutum baya. Kamfanin Garmin yana kiran wannan aiki TracBack. A duba yawan sawun da na'urar take iya riƙewa, da yawan wuraren da za a iya yi wa alama, kamar rijiya, da mashigin rafi, da ƙauyen da ake samun mai. A kuma tabbatar tana karɓa tana fitar da fayil irin na GPX, domin da shi ne matafiya suke musayar sawu, ko da na'urorinsu ba na kamfani ɗaya ba ne.

Na'urar ba ta buƙatar sabis ɗin waya ko intanet kafin ta san inda take. Saƙo take karɓa daga taurarin ɗan'adam na Amurka da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, kuma sai ta ji daga huɗu aƙalla kafin ta fitar da wuri da tsayinsa. Tun shekarar 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon da farar hula ke samu, kuskuren na'urar hannu a fili ya dawo 'yan mitoci kaɗan. Na'urorin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha da Galileo na Tarayyar Turai, wasu har da BeiDou na Sin. A sarari irin na Tenere, tsakanin Agadas da Bilma, inda babu abin da ya tare sama, wannan ƙari bai cika sauya komai ba, amma a cikin kwazazzabo ko ƙarƙashin duhuwar itatuwa, yawan taurarin shi ne yake hana sawun ya riƙa tsalle-tsalle.

Sai maganar girma, wadda a nan ne mafi yawan masu saye suke yin kuskure. A cikin na'urorin Garmin, manyan na mota irin su Overlander da Tread suna da faɗin fuska, ana karanta su ba tare da an sunkuya ba, sai dai batirinsu ba ya daɗewa idan aka cire su daga wutar mota. Ƙananan na hannu irin su eTrex suna shiga aljihu, suna aiki da batir biyu na AA, irin na ƙaramar tocila, kuma sukan kai sa'o'i 25 kafin a sauya, amma fuskarsu inci biyu ce da ɗan ɗoriya, wanda ke nufin direban da ke fama da gargada ba zai ga komai ba sai ya tsaya. A tsakiya akwai Montana 700 mai fuska inci 5, wadda ake ɗaurawa a mota ko babur, a kuma cire ta a tafi da ita a ƙafa, ko da yake tana da nauyi a hannu. A ganina, wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne ya sayi wadda za ta iya barin mota, domin ranar da aka fi buƙatar GPS ita ce ranar da motar ta kafe ko injinta ya mutu, aka fita neman ruwa da taimako a ƙasa.

Wannan ne ma ya sa nake fifita batirin AA a kan na caji, duk da cewa wasu masu batirin caji, kamar GPSMAP 67, suna kwana da kwanaki. Batirin AA ana samunsa a teburin mai kayan koli a kasuwar ƙauye, kuma ana iya zuba guda takwas a jaka a manta da su. Abin lura kawai shi ne masu araha ba sa jimirin irin wannan aiki, gara a nemi na alkalin ko na litiyam.

Fuskar ma a gwada ta a rana, ba a cikin shago ba. A roƙi mai shago ya bari a fita da ita bakin ƙofa da tsakar rana, domin akwai fuskar da hasken rana yake ƙara mata kyau, akwai kuma wadda take komawa baƙin madubi. Fuskar shafawa tana da daɗin jan taswira, amma idan yatsa ya jiƙe da gumi ko ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, madannai sun fi aminci. Alamar IPX7 da ake gani a kwali tana nufin na'urar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Maƙalin roba mai tsotsar gilashi kuwa ba ya jure zafi da jijjiga, don haka a nemi wanda ake ɗaurewa da kusoshi.

Mutane da yawa za su ce ai wayarsu ta wadatar, kuma da gaskiyarsu zuwa wani mataki, tun da manhajoji irin su OsmAnd suna sauke taswirar OpenStreetMap su yi aiki babu intanet. Matsalar ita ce zafi. Kamfanin Apple ya ƙayyade wa iPhone yanayin zafin da bai wuce maki 35 a ma'aunin Celsius ba, alhali gaban mota a watan Afrilu ya zarce haka nesa, sai wayar ta dusashe ko ta ɗauke gaba ɗaya. Ta zauna a matsayin ta biyu. Wasu na'urorin suna da inReach, mai aika saƙo da neman agaji ta taurarin Iridium bisa kuɗin wata-wata, amma akwai ƙasashen da suka hana shiga da irin wannan, kamar Indiya, don haka a bincika doka kafin a ƙetare iyaka ko a shiga yankin da sojoji ke aiki.

Bayan an saya, a daidaita abu biyu tun a gida. Na farko shi ne ma'aunin taswira: GPS yana aiki da WGS 84, tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya kuwa an zana su da ma'aunin Minna, kuma bambancinsu yana kai gomman mitoci. Na biyu ya fi haɗari, wato yadda ake rubuta lambobin wuri. Idan abokin tafiya ya ce digiri 13 da minti 30, aka shigar da 13.30 a na'urar da aka saita da ɗigo, an kauce da kusan kilomita 22, domin daidai shi ne 13.5. Daga nan sai a kunna ajiye sawu, a zaga unguwa ta lunguna a ƙafa, a umarci na'urar ta mayar da mutum ƙofar gidansa, a maimaita har yatsa ya san madannan ba tare da an duba littafin ba.