Kafin ka zuba Primogems: yadda ake auna sabon jarumi a Genshin Impact

Duk bayan sati shida kamfanin HoYoverse yana sakin sabuwar sigar wasan bidiyon Genshin Impact, kuma galibi takan zo da sabon jarumi mai tauraro biyar wanda allon jansa, wato wurin da ake gwada sa'ar samun sa, yake tsayawa kamar sati uku. Bidiyon talla zai nuna shi yana share fili da bugu ɗaya, masu bidiyo a YouTube kuma su biyo baya da lambobin da suka haura miliyan. Duk wannan ba ya amsa tambayar da ta shafe ka: me wannan jarumi zai ƙara wa tawagar da kake da ita yau, da kwafi ɗaya tak, da makamin da ke jakarka, a wayar da ke hannunka?

Fara da sanin farashinsa. Ja ɗaya, wato gwada sa'a sau ɗaya, Primogems 160 ne, duwatsun da ake biya da su a cikin wasan. Damar fitowar mai tauraro biyar a kowane ja kashi 0.6 ce cikin 100, tana fara hawa sosai daga wajen ja na 74, a ja na 90 kuma dole ya fito. Amma wanda ya fito ɗin ba lallai ne ya zama na kan allo ba, raba-daidai ne tsakaninsa da tsofaffin jaruman dindindin. Idan ka faɗi, na gaba tabbas naka ne. Daga siga ta 5.0 a watan Agustan 2024 an ƙara wani tsari da ya ɗaga damar zuwa kashi 55 a jimlace, sai dai mai lissafi da hankali da mafi munin hali yake aiki: ja 180, wato Primogems 28,800. Ayyukan kullum 60 suke bayarwa a rana, don haka ko an haɗa da na bukukuwa da buɗe akwatuna, wanda ba ya sa kuɗi tarin watanni yake kashewa a kan jarumi guda. Wanda kuma yake sa kuɗi ya yanke iyaka tun kafin ya buɗe allon, domin tsarin ya yi kama da caca ƙwarai, kuma an gina shi ne yadda "bari in ƙara goma kawai" zai zo wa mutum da sauƙi.

Karanta bayanin fasaharsa, kalma bayan kalma

Kowane jarumi yana da hari na yau da kullum, da ƙaramar fasaha mai jiran 'yan daƙiƙoƙi, da babban hari mai buƙatar caji, sai baiwa biyu da ke buɗewa yayin da ake ɗaga matakinsa. Abu na farko da za ka nema shi ne daga ina ƙarfin bugunsa yake fitowa. Ba kowa ne ya dogara da ƙarfin hari ba. Yelan da Neuvillette da yawan rai suke bugu, Noelle da Itto suna cin moriyar ƙarfin kariya, Nahida kuma tana son ƙwarewar sinadari (sinadari shi ne nau'in ƙarfin jarumi, kamar wuta, ruwa ko lantarki). Wannan ne ke gaya maka su wa za su iya dafa masa. Bennett, misali, ƙarfin hari yake ƙarawa, saboda haka ƙarin nasa ba ya tsinana wa Neuvillette komai.

Na biyu, a fili yake aiki ko a bayan fage? Tawaga mutum huɗu ce, amma ɗaya ne kawai yake fili a lokaci guda. Jarumin da sai ya tsaya daƙiƙa goma yana sara kafin ya yi amfani yana gasa ne da duk wani babban mai bugu da ka riga ka gina. Wanda zai shigo, ya saki fasaharsa cikin daƙiƙa biyu ya koma, aikinsa na ci gaba, irin su Xingqiu da Fischl da Furina, yana shiga tawagogi da yawa, kuma irinsu ne suka fi daɗewa ana yayinsu. Idan kana da manyan masu bugu uku babu mataimaki na kirki, na huɗu ba zai magance maka komai ba.

Na uku, ka farauci sharuɗɗa. A nan raunin jarumi yake ɓuya, cikin jimlolin da ke farawa da "idan" ko "muddin". Baiwar Nilou ba ta tashi sai tawaga ta zama ruwa da tsiro zalla. Chevreuse sai wuta da lantarki zalla. Furina tana zuƙe ran dukan tawaga, kuma ƙarin da take bayarwa yana hawa ne da hawa da saukar rai, don haka in ba ka da mai warkar da tawaga gaba ɗaya, rabin amfaninta za ka gani. Arlecchino ba ta karɓar warkarwar abokai a tsakiyar faɗa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya mai da su marasa ƙarfi, amma kowane sharaɗi yana da farashi, kuma sau da yawa farashin wani jarumin ne da ba ka da shi.

Caji, inda yawancin lissafi yake rushewa

Ana auna tawaga da zagaye, wato lokacin da kowa zai yi aikinsa a dawo kan na farko, galibi daƙiƙa 20 zuwa 25. Idan ƙarfin jarumi yana cikin babban harinsa, dole harin ya cika a kowane zagaye. Duba kuɗin cajinsa: na Bennett 60, na Xiangling da Xingqiu 80, na Raiden 90. Sannan ka ƙirga ƙwayoyin caji nawa ƙaramar fasaharsa take fitarwa. Ƙwaya mai sinadari irin nasa tana ba shi 3 idan yana fili, in yana bayan fage a tawagar mutum huɗu kashi 60 na hakan yake samu, ƙwayar wani sinadari dabam kuwa 1 ce kacal.

Ɗauki jarumin da babban harinsa ke cin 80, fasaharsa tana ba da ƙwaya huɗu sau ɗaya a zagaye. Ko shi ya kama su duka, 12 ke nan. Ko saurin cajinsa ya kai kashi 200, bai wuce 24 ba. Sauran sai daga abokai da abin da maƙiya suka zubar. Shi ya sa Xiangling take manne da Bennett, kuma shi ya sa makaman Favonius, masu fitar da ƙarin ƙwayoyin caji, suke da daraja duk da bugunsu ba shi da yawa. Duk abin da ka zuba wa saurin caji a kayan ɗamara, wato kayan da ake sanya wa jarumi don ƙara masa ƙarfi, daga kason bugu ka cire shi. Jarumin da aka nuna a bidiyo da saurin caji kashi 110 yana buga lamba mai ban tsoro, a zagaye na biyu babban harinsa ba zai cika ba, kuma bidiyon ba ya kaiwa zagaye na biyu.

Lambobin bugu

Kada babbar lamba guda ta ruɗe ka. Bugu ɗaya na kashi 900 a zagaye bai kai bugu 15 na kashi 100 ba. Tara duk bugun da zai yi a zagaye, ka raba da tsawon zagayen, kuma idan kana kwatanta jarumai biyu ka tabbata matakin fasaharsu ɗaya ne.

Kirit, wato bugun da ke ninkuwa, yana da fuska biyu: yawan faruwarsa da ƙarfinsa. Kowa yana farawa da 5 da 50. Matsakaicin bugu shi ne 1 a tara da yawan sau ƙarfin. Mai 60 da 120 yana samun 1.72, mai 30 da 180 yana samun 1.54, alhali jarin da aka zuba musu ɗaya ne. Na biyun ne zai fi kyau a hoto, na farkon ne zai fi saurin gama ɗaki. Daga nan aka samo ƙa'idar ɗaya bisa biyu. Duba ko jarumin yana samun kirit kyauta daga ɗaga mataki ko daga baiwarsa, domin hakan yana rage maka wahalar neman kayan ɗamara sosai.

Mataimaki kuwa ba a auna shi da bugunsa, da abin da ya ƙara wa wasu ake auna shi. Yawancin maƙiya suna da juriyar sinadari kashi 10, wato kashi 90 na bugunka ne yake shiga. Jarumin iska mai sanye da kayan ɗamarar Viridescent Venerer guda huɗu yana rage 40 daga wannan juriya. Abin da ya gangara ƙasa da sifili rabinsa ake lissafawa, sai ya zama 1.15 a maimakon 0.9, ƙarin kusan kashi 28 ga duk mai bugu da wannan sinadari. Da wuya sabon makami ya ba ka haka.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a bayanin fasaha ba: sau nawa bugunsa yake shafa sinadari a jikin maƙiyi. Ƙa'idar gama-gari ita ce sau ɗaya cikin bugu uku, ko bayan daƙiƙa 2.5, amma wasu fasahohin ba su bin ta. Muhimmancinsa shi ne wuta a kan maƙiyin da ya jiƙe tana ninka bugu sau 1.5, ruwa a kan mai wuta sau 2, wuta a kan ƙanƙara sau 2. Guguwar wutar Xiangling tana shafa wuta a kowane bugu, wannan ne sirrin da ya sa jaruma mai tauraro huɗu da ake samu kyauta take gogayya da manya tun 2020. Gane wannan a gwaji ba wuya: ka ƙirga sau nawa sunan haɗuwar sinadarai yake bayyana a kan maƙiyi cikin bugu goma.

Kwafi na biyu da makaminsa na musamman

Karanta taurarinsa shida, daga C1 zuwa C6, wato ƙarin ƙarfin da kowane ƙarin kwafinsa yake buɗewa, da tambaya ɗaya a rai: ƙari ne, ko gyaran wata matsala da aka bari da gangan? C1 na Hu Tao yana cire cin kuzarin da harinta mai nauyi yake yi. C1 na Neuvillette yana ƙara masa juriya kada a katse shi yana tsakiyar feshi. Dukansu suna aiki ba tare da shi ba, amma sai ka biya ta wata hanya, da ƙwarewar yatsa ko da ba mai garkuwa irin Zhongli gurbi guda. Idan duk yabon da ake wa jarumi daga C2 yake farawa, ba jarumin da za ka samu ake yabo ba. Haka makami: allonsa yana da garanti a ja na 80, kuma zai iya cin 160 kafin wanda ka zaɓa ya zo. Nemi kwatancen da aka yi da makami mai tauraro huɗu ko wanda ake ƙerawa a wurin maƙeri.

Gwada shi a wayarka

Wasan yana ba da gwaji kyauta muddin allon yana nan. Maƙiyan ciki ba su da ƙarfi kuma caji yana cika da wuri, don haka kada ka auna bugu a can, auna hannu. Maimaita shi sau biyar ko shida. Masu baka irin su Ganyu da Lyney sai an saita kibiya, abin da ke da sauƙi da linzamin kwamfuta amma yake gajiyar da babban yatsa a gilashin waya. Duba ko harinsa yana bin maƙiyi da kansa, ko yana kai wa na sama, ko ƙaramin bugu yana ture shi, ko kuma hasken babban harinsa yana sa wayar ta riƙa sarƙewa bayan ta yi zafi. Mai wasa daga Kano ko Zinder a sabar Turai yana da jinkirin intanet fiye da mai bidiyon da yake kallo, kuma jinkirin yana taɓa sauya jarumi da fitowar ƙwayoyin caji. Tawagar da ke buƙatar sauyi shida cikin daƙiƙa huɗu ba za ta ba shi abin da takarda ta ce ba. A hawa na 12 na Spiral Abyss, filin faɗa mai ƙidayar lokaci, cikakken makin ɗaki, wato taurari uku, yana buƙatar a gama ɓangarorinsa biyu cikin minti uku, kusan daƙiƙa 90 kowanne, wato zagaye huɗu. Zagaye ɗaya ya lalace, kwata ya tafi.

Sai kuɗin gini, wanda mutane suke mantawa. Kai jarumi mataki na 90 yana cin kayan shugaban dodanni 46, tsirrai ko ma'adinan yankinsa 168, littattafan ɗaga mataki na Hero's Wit kusan 420, da Mora, kuɗin cikin wasan, fiye da miliyan 2. Fasaha ɗaya zuwa mataki na 10 tana cin Mora 1,652,500 da kambi guda. Resin, wanda ake biya kafin a karɓi ladan faɗa, 180 ne yake taruwa a rana, shugaban dodanni yana cin 40 ya ba da biyu ko uku, don haka kayansa kaɗai kwana huɗu ne. Littattafan fasaha kuma galibi kwana biyu a sati suke buɗewa, sai Lahadi. Idan kayan ɗamarar da yake so suna fitowa daga filin faɗa ɗaya da na wani jaruminka, Resin ɗinka ya yi aiki biyu. Idan kuma shugaban dodanninsa yana yankin da ba ka kai ba, ka sa wannan a lissafi.

Yaushe za a yanke hukunci

Bayanan da ake satowa daga gwajin sirri suna canzawa kafin fitowa, dogaro da su cinikin biri a sama ne. Hukuncin ranar farko ma yakan kuskure. Da Kazuha ya fito a 2021 an yi ta cewa bai wuce Sucrose, jaruma mai tauraro huɗu, ba sai dai tsada, daga baya ya zama cikin mataimakan da aka fi nema. An yi wa Kokomi dariya saboda baiwarta tana rage mata yawan kirit da kashi 100, sai aka gane yadda take jiƙa maƙiya ba tsayawa tana kuma warkarwa. Zhongli kuwa kamfanin ne da kansa ya ƙara masa ƙarfi a siga ta 1.3 bayan koke-koken 'yan wasa, amma irin wannan gyara ba kasafai ake yin sa ba, kada ka ja jarumi da fatan za a gyara shi.

Tunda allon sati uku yake yi, bari kwana bakwai zuwa goma su wuce. A lokacin masu lissafi sun fitar da buƙatar cajinsa da tawagoginsa, kuma an fara ganin bidiyon waɗanda suke da shi a C0, wato kwafi ɗaya tak, da makami na talaka. Ka fifita wanda yake nuna kayan ɗamara da taurarin dukan mutum huɗu kafin faɗa, ya kuma yi ɗakin daga farko har ƙarshe ba yanka. Idan ka fasa, ƙirgen jan da ka tara da garantinka suna bin ka zuwa allon jarumi na gaba, kuma yawancin jarumai sukan dawo, ko da yake wasu sukan shafe fiye da shekara kafin a sake ganinsu.